Kwalaben da Ke Son Ɗumin Jiki

MATA: Salamu alaikum. Maigida, kana jina?

MIJI: Wa alaikumus salam, Dakta. Ya aiki?

MATA: Da godiya. Ya kwalaben?

MIJI: Ya gajiya? Ya mutanen ɗakin gwajin?

MATA: Kowa lafiya. Kwalaben nake...

MIJI: Ya mai gyaran? Ya iyalinsa?

MATA: Yaushe ka fara gaida iyalin mai gyara? Ga shi nan ya kwance injin ɗumama kwalaben gaba ɗaya, ya ce sai yamma. Kana dai kwance yadda na bar ka?

MIJI: Ina kwance rigingine, kwalabe ɗaure a cikina da zanenki. Ni da gemuna, direban babbar mota, an mai da ni kaza mai kwanci.

MATA: Haƙuri za ka yi. Ƙwayoyin tsokar da nake raino a kwalaben nan ɗumi irin na jikin mutum kawai suka sani. Su yi sanyi su mutu, su yi zafi su mutu. Kai shaida ne yadda suka yi ta mutuwa kafin waɗannan su haɗe su fara motsi. In na rasa su, ba ni da abin da zan nuna wa masu jarrabawa.

MIJI: Ni fa ban ji wani motsi ba.

MATA: Ba za ka ji ba, sai a madubin gwaji ake gani. Duba min ruwan ciki, ja ne?

MIJI: Me kika ce? Layin yana yankewa.

MATA: Na ce ja ne, ko ya koma rawaya? In ya yi rawaya, sun fara lalacewa.

MIJI: Ja ne. Duka biyun.

MATA: Biyu? Huɗu na ɗaura maka.

MIJI: Eh to... Mama tana gaishe ki.

MATA: Mama ta zo?

MIJI: Ba sanarwa. Ta tarar da ni kwance da rana tsaka, ciki a ɗaure, ta hau salati, wai an yi min aiki an ɓoye mata. Dole na faɗa mata gaskiya.

MATA: Me ta ce?

MIJI: Ta tambaya naman wa ne a ciki. Na ce na ɓera. Sai ta taɓa goshina, ta ce tun ina yaro jikina sanyi gare shi, zan kashe miki su. Ita ta raini bakwai, ba wanda ya yi mura a hannunta.

MATA: Maigida, ina sauran biyun?

MIJI: Ta goya su.

MATA: Goyo? A tsaye? Na ce maka a kwance za su zauna, kar ruwan ya bar kansu.

MIJI: Na faɗa mata. Shi ya sa tun ɗazu a sunkuye take, tana ta sharar falo. Har ƙarƙashin kujeru ta share, ki zo ki ga gidan.

MATA: Allah ya saka mata. Amma don girman Allah kar ta jijjiga su, za su ɓalle daga gindin kwalbar.

MIJI: Kaɗan take yi. Da 'yar waƙa.

MATA: Ba ta wayar.

MIJI: Ta shiga kicin.

MATA: Kusa da wuta? Me take yi a can?

MIJI: Ta ɗora ruwan zafi. Wai ba a barin ɗanyen abu ya yini ba wanka.

MATA: Tashi maza ka tare ta!

MIJI: Ke kika ce ko gobara ake kar in tashi. Biyu a nan, biyu a can, faɗa min waɗanda kika fi so.

MATA: Ka riƙe cikin da hannu, ka ja jiki ka... wayyo, katina ya ku—

MIJI: Halo? Dakta? Halo... Mama! Ki sauke ruwan nan, uwarsu ta ce ita za ta yi musu in ta dawo.