Wutar Walda Ta Cinye Rubutun Babana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da masu saurare. Ni ne Rabe direba daga Tsarnawa.

Babana, Allah ya jiƙansa, ya bar mini tsohuwar a-kori-kura da nake kai albasa Ƙonni. A ƙofarta ya rubuta "Sai Haƙuri" da hannunsa. Da tsatsa ta ci ƙofar, sai na kai wa maƙwabcina Isuhu, mai waldar ƙofofin gida. Ya sa waldar lantarki. Ashe ƙarfen ya yi siriri kamar gwangwanin madara. Kafin mu ankara wuta ta huda shi, ta cinye rabin rubutun.

Isuhu ya kasa kallona. Wallahi ban ga laifinsa ba, da ƙarfe mai kauri ya saba, kuma ni na matsa masa.

Wani dattijo mai gyaran jikin mota a Malbaza ya ce tsohon ƙarfe waldar gas yake so, a hankali, amma gara in sake ƙofa.

Masu sana'ar nan, ku taimake ni: gas zai ceci abin da ya rage? Ƙofa akwai ta a kasuwa, rubutun babana ne babu.