Irin Na Wancan Nake So

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Sunana Ishaku, mutumin Maradi. Da hannuna na rubuta wannan takarda, kuma a hankali nake karatu, sai ku yi haƙuri da ni.

Mu biyu ne maza a gidanmu, ni da ƙanena Dauda. Baba ya ce babba ya riƙe gona, ƙarami ya tafi lakwal, wato makarantar boko. Ni nake kai shi a keke, in juyo in ɗauki hauya. Ban taɓa cewa komai ba, amma abin yana nan a ƙirjina.

Daga baya duk muka samu kanmu a Faransa. Shi injiniya ne a Lyon, ni kuwa dako nake a babbar kasuwar Rungis kusa da Paris, ina sauke akwatunan lemu da ganye.

Wata Asabar ya zo taro Paris, ya kira ni wani babban otal. Muka zauna a wurin shan abin sha, kujeru masu laushi, ma'aikata suna rusuna masa. Aka miƙo mana takardar abin sha. Dauda ya miƙa hannu zai karanta mini, na janye ta, na ce ai na koyi karatu tuni. Ya yi murna har ya tafa. Ƙarya nake yi, 'yan'uwa.

Aka kawo masa wani dogon kofi, barasa da ƙanƙara da ganyen na'ana'a, da yankan lemun tsami a baki. Na ce a ba ni irin nasa. Na dubi lemun nan, na ce a raina wataƙila ni na sauke shi da bayana, ga shi ya zo ya yi wa Dauda ado. Yana ba ni labarin matarsa Hannatu da sabon gidansu, ni kuwa agogonsa nake kallo.

Daga ranar na daina ɗaukar wayarsa. Na sayi kwat na hannu, kowace Asabar da la'asar in koma otal ɗin ni kaɗai. Tun da ban iya karanta takardar ba, sai in duba wanda ya fi kowa kama da mai jin daɗi, in nuna kofinsa. Ja, kore, mai ɗaci kamar magani, duk na sha. Idan na ga wani da abin da ya fi nawa kyau, nawa ya fita raina. Na bar zuwa sujada. A ɗaki ma na fara ajiye kwalba.

Ana nan sai wasiƙa ta zo daga Lyon. Na tabbata wani sabon abin fahariya ne. Ban iya karantawa ba, kunya kuma ta hana ni kai wa wani. Na tura ta ƙarƙashin katifa.

Shekara biyu ina wannan hali. Wata Asabar a cikin Agusta, lokacin da mutanen Paris suke watsewa hutu, na shiga na tarar babu kowa. Na duba dama, na duba hagu, ba kofin da zan nuna. Mai haɗa abin shan, wani dattijo ɗan Mali, ya jira ni ya gaji, sannan ya ce:

"Ɗan'uwa, shekara biyu ina ba ka abin wasu. Kai me kake so?"

Namiji mai shekara arba'in da shida, ban san abin da nake so ba!

Na fita na zauna a benci bakin hanya, na yi kuka. Na ce, Yesu, ba barasa ce ta fara kama ni ba, hassadar ƙanena ce. Ka cire mini ita, ni na kasa. Ban ji wata murya ba. Abin da ya faɗo mini a rai kawai shi ne wasiƙar nan.

Ran Lahadi na koma ikilisiya. Akwai Mama Rifkatu, tsohuwar malamar lakwal daga Damagaram. Na faɗa mata komai. Ta ce in kawo ta karanta mini, na ce a'a, ta koya mini dai. Ta yi dariya ta ce taurin kaina ya yi wa jaki yawa, amma in zo da littafi da fensir. Wata takwas muna yi bayan sujada. Sau biyu na koma wa kwalba, sau biyu ta ja mini kunne muka yi addu'a.

Ranar da na buɗe wasiƙar, layi huɗu ne, na yi kusan awa a kansu. Hannatu ta haifi ɗa namiji. Za su sa masa Ishaku. Suna roƙo in zo suna, ni zan tsaya a madadin Baba.

Yaron ya kusa shekara uku, ni ina kwance a kan sunana ban sani ba!

Na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Dauda ya buɗe ƙofa, bai yi murmushi ba. Ya ce ya ɗauka na karanta ne na ƙi.

"Yaya, kai ka ce mini ka iya."

"Ƙarya na yi maka. Jiya na karanta."

Ya daɗe a tsaye kafin ya matsa gefe ya ba ni hanya in shiga. Hannatu ta turo yaron, wanda suke kira Baba don kada su kama sunana, ya ɓoye a bayan zanenta. Ta ce akwai shayi, akwai lemu, me zan sha? Ban kalli kofin kowa ba. Na ce in akwai hura, ita nake so. Ta dama mini.

Ba zan ce muku an gama ba. Makon jiya Dauda ya sauya mota, na ji abin ya motsa, na shiga ɗaki na durƙusa. Amma shekara huɗu ke nan ban sha ba, na koma Lyon da zama, kuma ni nake kai ƙaramin Ishaku lakwal.

Na gode wa Ubangiji da bai gaji da jirana ba. Wanda yake da abin da ya tura ƙarƙashin katifa, ya fito da shi ya kai wa Yesu, ya dogara gare shi. Amin.