Da Mace Ke Mulki

A tashar Talata Mafara, ana jiran motar Bakura ta cika, wani falken shanu ya zauna kusa da wata dattijuwa mai buhunan shinkafa. Bayan doguwar gaisuwa sai ya fara kuka da rufe iyaka.

"Hajiya, shanuna na can tsallaken iyaka wata biyu, duk sun rame. Wallahi da mace ke mulkin ƙasar nan, da tuni an buɗe. Ku mata akwai tausayi."

"Da ni ce, Alhaji, kwaɗo biyu zan ƙara wa iyakar."

"Subhanallahi! Don mi?"

"Shinkafa nike turarawa. Ranar da ta waje ta shigo, wa zai dubi tawa? Marayu huɗu nike ciyarwa da ita."

"To shi ya sa ba a ba ku mulki! Mace ba ta ganin gaba da tukunyarta."

"Yanzun nan fa ka ce mu ke da tausayi."

"Wata macen nike nufi, Hajiya."

"Wace iri?"

Ya ce, "Mai shanu."