Shafin Manoman Rake

A tashar motar Maƙarfi, wata mata tana yi wa abokin aikinta faɗa.

"Saminu, da yaren kwamfuta na PHP da rumbun bayanai na MySQL muka gina wa manoman rake shafin intanet ɗin nan, yana aiki lafiya lau. Don me ka rushe shi ka koma yaren Python?"

"PHP ya tsufa, Rahama."

"Ina ruwan manomi da tsufansa? Mai saye yake nema. Rake ya isa sara, dillalai sun fara zagaya gonaki, mu ko shafi babu."

"Ki gane mana. Kamfanonin Abuja yanzu wanda ya iya Python suke ɗauka aiki."

Ta tsaya tana kallonsa.

"Au, ashe Abuja za ka. Shi ya sa kake koyo a kan raken mutane."