Madubin da Bai Taɓa Ganin Tauraro Ba

Assalamu alaikum. Shugaban taro, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, iyayenmu da suka taso daga Jega, Aliero da Maiyama, malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, ina gaishe ku. Sunana Amatullahi Kalilu, 'yar ajin ƙarshe.

Ina miƙa godiyar ƙungiyarmu ta kimiyya ga hukumar makaranta, wadda ta kula da madubin hangen taurarin da aka ba mu kulawa ta ban mamaki. Ta kare shi daga raɓa, ta kare shi daga ɗalibai, ta kuma kare shi daga taurari.

Na farko, abin da muka karanta. Akwai duniyoyi masu kewaya wasu taurari, kamar yadda tamu take kewaya rana. In ɗaya ta gifta gaban tauraronta, haskensa yakan ɗan dusashe, kamar fara ta gifta fitilar mai shayi. Daga maimaituwar dusashewar masana suke gane tsawon kewayenta. Daga hasken da ya ratsa iskarta suke gane ko akwai tururin ruwa. Namu madubin bai kai can ba, amma da kallon wata ake farawa.

Na biyu, namu binciken. Mun gano madubinmu shi ma yana da kewaye: daga sito zuwa teburin baƙi, daga teburin baƙi zuwa sito, kullum da rana tsaka. Bara wani babban baƙo ya leƙa, ya ce, "Masha Allah, ilimi ya ci gaba!" Alhali murfin madubin yana rufe. Mun tafa masa, kamar yadda aka koya mana.

Da na roƙi Malam Ɗahiru mai riƙe da makullin sito ya ba mu shi da dare, sai ya ce, "Ke ɗiya, mi kika biɗa ga sama? Wanga abu na baƙi na."

Na uku, roƙonmu. Iyayenmu, bayan jarrabawa za mu bar makarantar nan, kuma ko ɗayarmu ba ta taɓa sa ido a cikinsa ba. Ku ba mu shi yau bayan magariba, a filin makaranta, Malama Hamsatu tana tsaye a kanmu. In ƙa'ida ce sai baƙo, to ku jira wata mai zuwa, mu dawo a matsayin baƙi.

Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya mai da kowa gida lafiya, ya tausasa zuciyar mai makulli. Na gode.