Bindigar da Aka Dirje da Soson Ƙarfe

Ranar Asabar a kasuwar bindigogi ta garin Billings, wata tsohuwa ta dire doguwar bindiga a teburin Orval Tackett, dillalin tsofaffin bindigogin soja. Bindigar sai ƙyalli take yi kamar sabon cokali.

Orval ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Baiwar Allah, wa ya yi mata wannan aika-aika?"

"Ni ce. Kwana uku ina dirzar ta da soson ƙarfe. Ta marigayi mijina ce."

"Ina hatimin da ke jikin katakon?"

"Na kankare shi. Ai tabo ne."

"Wannan tabon dala dubu biyu ne. Man da kika wanke kuwa ya girme ki, tun na yaƙin duniya ne."

"Ashe datti kuke saye?"

"Datti mai tarihi. Yanzu ɗari biyu zan ba ki, shi ma don tausayi."

"Tsumman da na goge ta da shi yana mota. Nawa za ka saya?"

Orval har ya fara yi wa tsumman kuɗi a ransa. Ya ce, "Da kin tambayi wani kafin ki taɓa ta."

"Na san darajarta sarai. Shekara arba'in marigayin yana faɗa mini, yana shafa mata mai a teburin cin abinci, ni kuwa kwanona a cinya."

Orval ya sunkuyar da kai. "Tawa matar ma a cinya take ci, kafin ta tafi." Ya gyara murya. "Ɗauko tsumman mu gani."