Rigar Dirowa ta Gwanjo

A filin masu dirowa daga jirgin sama da laima a Tochigi, Kuwabara na jujjuya wata burmemiyar rigar dirowa ta gwanjo. Wata dattijuwa ta dube shi.

"Ɗana, ajiye ta. Kai siriri ne, iska za ta cika ta ta riƙe ka a sama."

"Inna, ga araha, ga ɗinki mai ƙwari."

"Da wa kake dirowa?"

"Da matata. Ban taɓa kamo hannunta a sama ba, kullum sai ta wuce ni."

"To ita za ka saya wa. Mai nauyi ke sa burmemiya."

Kuwabara ya ninke rigar ya mayar.

"In ce mata ta fi ni nauyi? Gara in diro ba laima."